Zuwa ga Dakta Bazazzagi, Mai Koyar da Bincike da Baki

Dakta, barka da hutawa, in har bakin Bazazzagi yana hutawa. Labari ya iso mana nan Kano cewa a zangon karatun bana kai aka danƙa wa kwas ɗin nan na sashen ilimin halittu, wanda ake koya wa ɗalibai hanyar binciken kimiyya da yadda ake rubuta takardar bincike. Da na ji sai da na sake tambaya, ko kunnena ne. Kwas ɗin da bai wuce abu biyu ba, a yi shiru a duba, sannan a faɗi abin da aka gani a taƙaice, shi aka ɗauka aka ba mutumin da gaisuwarsa kaɗai takan cinye katin waya. Allah Ya yafe wa shugaban sashenku. Ko dai bai san asalinka ba, ko kuma shi ma ɗan Tudun Wada ne.

Sunan jami'ar da kake koyarwa ba zai fito daga bakina ba, don akwai bayin Allah a cikinta waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Masu karatu su dai sani cewa ba a Zariya take ba. Abu biyu ƙasar Zazzau ke lodawa zuwa wasu jihohi, rake da lakcarori, kuma a cikin biyun rake ne kaɗai ake tsotsa a ji zaƙi.

Handawut ɗinka ya shigo hannuna, kada ka tambaye ni ta ina. A shafin farko ka jera matakan binciken kimiyya reras, kowanne da lambarsa: a lura, a yi tambaya, a yi hasashe, a gwada, a auna sakamako, a yanke hukunci. Ka tsaya gaban allo ka karanta, yara suka rubuta, suka tafi suka yi hadda. Ranar jarrabawa ka ce su lissafo matakan, wanda ya kawo su a jere ya ci maki. A cikinsu babu wanda ya taɓa kwalba, babu wanda ya yi hasashen da ya ƙaryata kansa, babu wanda ya ji zafin ya zauna mako uku yana jiran sakamako ya ga ba abin da ya fito. Ka koya musu cewa kimiyya ba ta karɓar magana sai da hujja, kuma hujjar da ka ba su ita ce Dakta ya faɗa.

An kuma ce min wani yaro ya ɗaga hannu ya ce bai gamsu da wani bayaninka ba, ka dube shi ka tambaye shi lambar rajistarsa. Haba bawana! Wannan yaron ai shi kaɗai ne ya fahimci kwas ɗin. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajejen 1040, littafi guda ya rubuta a kan shakkun da yake da su game da maganganun Batlamus, wanda duniyar wancan zamani ta ɗauka ya gama magana a ilimin taurari. Shi ne kuma a Kitabul Manazir ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba. Da a ajinka yake, da kariyoba zai kwasa. Ko a ƙarnin da ya gabata, likitocin duniya sun yi ittifaƙi cewa gyambon ciki, olsar nan da ke damun mutanenmu, daga damuwa ne da yawan sinadarin narkar da abinci. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce a'a, akwai wata ƙwayar cuta a ciki. Aka yi musu kallon masu taɓin hankali. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, cikin kwanaki tumbinsa ya kumbura ya kama ciwo. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Ban ce ka sha irin wannan ba, ko da yake cikin da ya saba da fate mai yakuwa safe da yamma ba na jin akwai ƙwayar da za ta iya zama a cikinsa.

To bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yar ƙanwata tana ajin ƙarshe a sashenku, kuma ƙaddara ta sa kai ne sufabaizanta. Ta zo gida hutu da furojet ɗinta a cikin leda, tana neman kuɗin bugawa da ɗinki. Bakano kuwa ba ya biyan kuɗin abin da bai duba ba, ko na 'yar ƙanwarsa ne. Na zauna na buɗe. Taken aikin, a taƙaice, shi ne ko ruwan ganyen darbejiya yana kashe ƙwayoyin cuta. Na ce madalla, darbejiyar nan ta sha bincike. Tsakanin ita da zogale da sabara da marke, ban san wadda ɗaliban arewa suka fi tsinke wa ganye ba.

Ta nuna min hotunan a wayarta. Ga ɗan farantin gilashi, an shimfiɗa masa abincin da ƙwayoyin cuta ke tsira a kai, an shafa ƙwayoyin, an huda ramuka ƙanana. A kowane rami ta ɗiga ruwan ganyen, ta kai akwatin ɗumi ya kwana. Da safe ga wani fili fes ya kewaye kowane rami, inda ƙwayoyin suka kasa tsira. Ta sa rula ta auna faɗin filin. Aikin ya yi kyau a ido, ban ƙi ba.

Na ce, "Da me kika jiƙa ganyen?"

Ta ce, "Da itanol, Kawu."

Na ce, "Itanol ɗin nan ba ɗan'uwan sifirit ɗin da ake goge wa mutum hannu kafin allura ba ne?"

Ta ce shi ne.

"Kin bari ya bushe kafin ki ɗiga?"

Ta ce lokaci ya ƙure, ga shi babu wuta a lab, sai suka tace kawai suka yi amfani da shi.

"To ina ramin da kika ɗiga itanol zalla, babu ganye?"

Ta yi shiru tana jujjuya wayar. Can ta ce, "Kawu, Dakta bai ce a yi wannan ba."

Ka ji fa. Ko mai shagon magani na bakin layi ya san sifirit yana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa yake goga shi. Yarinya ta jiƙa ganye a cikin abin da ke kashe ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin suka mutu, ta rubuta cewa darbejiya ce ta kashe su, kai kuma ka sa hannu. Mai yiwuwa darbejiyar ce, mai yiwuwa itanol ne, mai yiwuwa su biyun ne. Daga wannan farantin babu mahalukin da zai iya rabewa. Rami guda ɗaya ya rage, wanda kuke kira kwantirol, wato wanda aka yi masa komai daidai da sauran ban da abin da ake gwadawa. Hudarsa ba ta kai minti ɗaya ba. Rashinsa ya mayar da aikin wata shida hoton waya.

Na ƙara dubawa, sai ga teburin sakamako. An maimaita gwajin sau uku, in ji ta. Na farko milimita 14, na biyu 14, na uku 14. Na ce ikon Allah, ƙwayoyin cutar jami'arku sun fi sojoji biyayya. Abu mai rai ba ya maimaita kansa haka tsaf, ko tagwaye sai ka ga ɗaya ya ɗara ɗaya. Na matsa mata, ta ce faranti ɗaya aka ba su, su huɗu, kuma an ce dole tebur ya nuna maimaici uku. Ban yi mata faɗa ba. An ce mata ta kawo lamba uku, ta kawo. Da an koya mata dalilin maimaicin, cewa ana yi ne don a ga iyakar yadda sakamako ke yawo shi kaɗai kafin a ce ganye ne ya motsa shi, da ta san kwafar lamba ɗaya sau uku ba ta da maraba da rashin yi.

Kada ka ce wannan sharrin Kanawa ne. A 2013 wani ɗan jarida mai ilimin halittu, John Bohannon, ya ƙirƙiri takardar bincike ta ƙarya da gangan, wai an samo wani sinadari daga wani tsiro mai fitowa a jikin duwatsu da itatuwa, yana hana ƙwayoyin ciwon daji girma. Ya cusa mata kurakurai waɗanda duk ɗan aji biyu mai hankali zai gani, ya liƙa mata sunayen marubuta da cibiyoyi na bogi, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi kafin su buga. Guda 157 suka karɓa. Ya fallasa su a mujallar Science a watan Oktoban shekarar. Ka san ɗaya daga cikin kurakuran da ya dasa? An narkar da sinadarin a ruwa mai itanol da yawa, su kuma ƙwayoyin kwantirol ba a zuba musu wannan ruwan ba. Kuskuren da Bature ya zauna ya ƙirƙira don ya kama mayaudara, shi ne ɗalibarka ta yi da zuciya ɗaya a ƙarƙashin kulawarka. Ina fata dai ba a cikin irin waɗannan mujallu ka tara takardun da aka yi maka ƙarin girma da su ba. Ba zargi nake ba, tambaya ce. Kai ka ce a riƙa tambaya, mataki na biyu a handawut.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki, kuma na san za ta yi tsawo. Za ka ce aji ɗaya ɗalibai sun haura ɗari, kayan aiki babu, sinadarai sun ƙare ko sun lalace, wuta sai an ga dama, albashi ba ya kai wata, ga yajin aikin wata takwas na 2022 da ya hargitsa kalanda har aka riƙa cin zango a guje. Duk gaskiya ne, kuma a kan wannan ba na yi maka dariya. Malamin da ke duba furojet talatin shi kaɗai ya cancanci a tausaya masa, ko Bazazzagi ne. Amma zancen kwantirol ba zancen kuɗi ba ne.

Dubi Francesco Redi, likita a ƙasar Italiya. A zamaninsa kowa ya yarda cewa nama in ya ruɓe shi ke haifar da tsutsa da kansa. A 1668 ya wallafa abin da ya yi: ya zuba nama a tuluna, wasu ya bar su a buɗe, wasu ya toshe su. Na buɗe ƙudaje suka sauka, tsutsa ta fito. Na toshe suka ruɓe, babu tsutsa. Masu gardama za su iya cewa ai ka hana iska shiga ne, ita ce ke ba da rai. Sai ya sake, ya rufe bakin tulun da yadi mai ƙananan ƙofofi, iska na shiga, ƙuda ba ya shiga. Ƙudaje suka taru a kan yadin suna zuba ƙwai, naman da ke ƙasa bai yi tsutsa ba. Wannan zagaye na biyu shi ne darasin gaba ɗaya: ka zauna ka hango abin da mai gardama zai ce, ka toshe masa hanya da gwaji kafin ya yi magana. Me aka kashe a nan? Tulu, nama, ƙyalle. Duka ba su kai kuɗin man da kake sha zuwa Ƙofar Doka ɗaurin aure ba. Tun kafin Redi da ɗaruruwan shekaru, Abubakar ar-Razi, likitan asibitin Bagadaza, ya rubuta cewa ya fitar wa wasu masu alamun ciwo irin na sanƙarau jini, wasu kuma ya bar su da gangan don ya kwatanta. Maganin nasa likitocin yau ba su yarda da shi ba, amma dabarar barin wani rukuni a gefe ita ce har gobe ake bi.

Tunda kai ba ka da dabara sai baki, bari ubangidanka ya ba ka kyauta, abin da Bakano bai cika yi ba. Makon farko na kwas ɗin, ka ajiye handawut a ofis. Ka sayi wake tiya biyu, ka nemo wanda ƙwari suka fara ci, ka tara kwalabe na banza. Ka tambayi aji: a gidajenku da me ake hana wake yin ƙwari? Za ka ji amsa ta ko'ina, wannan ya ce toka, wannan ya ce barkono, wannan ya ce garin ganyen darbejiya, wata ta ce kakarta a jarka take toshewa. Ga hasashe huɗu sun fito daga bakinsu, ba daga naka ba. Sai ka yi shiru, in za ka iya, ka bar su su yi ta gardama a kan yadda za a gane mai gaskiya. Da kansu za su gano cewa dole a bar wata kwalba babu komai a cikinta sai wake da ƙwari. Da kansu za su gano cewa kwalba ɗaya ga kowane magani ba ta isa ba, cewa yawan wake da yawan ƙwarin da aka zuba dole su zo ɗaya, cewa in aka jera na barkono a bakin taga aka tura na toka lungu, an shigo da rana cikin zancen. A nan za ka shigo ka ce a yi ƙuri'a wajen raba kwalabe da wuraren ajiya, a kuma rufe sunayen da lamba, don mai ƙirga kada ya san wadda yake ƙirgawa, kada son kakarsa ya shiga lissafi. Da zafin ƙasar nan, cikin wata guda sabbin ƙwari sun ƙyanƙyashe. A zazzage a ƙirga hudaddun ƙwayoyin wake.

Kada ka raina wannan. Buhun nan mai hawa uku da manoma ke adana wake a ciki ba tare da magani ba, wanda ake kira PICS, daga irin wannan tambayar ya fito, aikin masana na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a Marwa ta arewacin Kamaru. Sirrinsa toshe iska ne, ƙwaro ya shanye wadda ke ciki ya rasa ta shaƙa. Wato kakar yarinyar nan mai jarka tana da hujja, saura a auna.

In kuma za ka koya musu ɗaukar samfur, ka yi hayar mota ka kawo su Dawanau. Su tsaya su ga yadda mai sayen hatsi ke soka ƙarfensa a buhu: ba ya yarda da saman da mai kaya ya buɗe masa, sai ya soki tsakiya, ya soki gindi, ya tsallake buhu biyu ya soki wanda ke can ƙarƙashi. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san wanda ya bari aka zaɓa masa abin da zai duba ya yi cinikin biri a sama. Kuɗin shiga kasuwa ba za mu karɓa ba, amma a riƙe ka nesa da masu awo, kada ka ja su da hira ciniki ya tsaya.

Akwai wata cuta kuma da na gani a furojet ɗin, wadda ta fi ta itanol illa. Yaran nan sun ɗauka duk binciken da bai ce "ya yi aiki" ba ya faɗi. Shi ya sa kowane ganye a jami'o'inmu magani ne, kowane tebur yana ƙarewa da bambanci mai ma'ana, ba a taɓa jin ganyen da aka gwada aka ce bai yi komai ba. Ka ba su labarin Garki. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda yanzu take Jigawa. A lokacin tana cikin Jihar Kano, ka rubuta wannan ka ja masa layi. Kafin su fesa komai, sai da suka share wajen shekara ɗaya da rabi suna ɗibar jinin mutane suna kama sauro, rani da damina, don su san yadda abin yake tun asali. Sannan suka raba ƙauyukan: wasu aka fesa wa ɗakunansu maganin sauro, wasu aka haɗa musu feshi da rabon ƙwayoyi ga kowa da kowa, wasu aka bar su don kwatance. Cutar ta ragu sosai inda aka haɗa biyun, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita, feshin ba ya samunsa. A 1980 Molineaux da Gramiccia suka fitar da littafin rahoton, suka faɗi haka ƙarara. Har yau masu lissafin yaɗuwar zazzaɓi suna komawa ga alƙaluman Garki. Da ɗalibanka ne suka rubuta, da tuni an kawar da sauro daga Jigawa a babi na biyar.

Ita ma Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta samo sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin da muke sha yanzu, har aka ba ta Nobel a 2015, samfurin da ya yi mata aiki sosai a 1971 lambarsa 191. Ka tambayi ajinka me ya faru da na gabansa. Binciken ganye ba laifi ba ne, Dakta. Laifin shi ne a ce kowane ganye lamba 191 ne.

Saura rubutu, inda na fi jin tsoronka. Furojet ɗin 'yar ƙanwata shafi saba'in da wani abu ne. Babi na biyu kaɗai ya cinye rabi: tarihin darbejiya tun daga Indiya, sunanta a harsuna, amfaninta ga awaki. Abin da ita da hannunta ta yi bai cika shafi biyar ba. Takardar da Watson da Crick suka bayyana siffar DNA a cikinta a mujallar Nature a watan Afrilun 1953 shafi ɗaya ce da 'yan kai, da zane guda. Da kai aka ba, da sai an yi mata juzu'i uku, na farko duk gaisuwa. Ba na cewa a soke babi biyar ɗin nan da hukumar makaranta ta tsara. Ina cewa kafin yaro ya fara su, ka sa shi ya rubuta aikinsa a shafi biyu: me ya sa ya yi, yaya ya yi, me ya gani, me yake jin hakan ke nufi. Ya fara da teburinsa da hanyar aikinsa, don su ne nasa, gabatarwa ta zo daga baya. Ma'aunin sashen hanyar aiki kuwa ɗaya ne: ka miƙa wa wani ɗalibi ya bi ya maimaita ba tare da ya tambayi mai shi ba. In ya tsaya yana cewa ganyen ɗanye ne ko busasshe, awa nawa aka jiƙa, to ba a rubuta ba tukuna.

Kafin ma ya rubuta da Turanci, ka sa shi ya tashi ya faɗa da Hausa, ko da harshen da ya tashi da shi, cikin minti biyu. Wanda ya gane aikinsa zai iya. Wanda ya ɓuya a bayan dogon Turanci, nan take za ka ga ya fara kame-kame. Sai dai a wannan darasin ka nemi Bakano ya taya ka, don mutumin da har yau yake cewa "matana ya dawo" bai kamata a bar shi shi kaɗai da gyaran jimla ba.

Na duba jerin manazartar da ke bayan furojet ɗin, sunaye sun kusa hamsin. Na ɗora yatsa a kan ɗaya na ce wannan me ya ce? Ta ce ba ta gani ba, a furojet ɗin wata ta bara ta samo shi, ita ma ta bara daga na bariya. Yanzu kuma ga ChatGPT ya shigo, wanda in ka matsa masa zai ƙera maka sunan marubuci da mujalla da shekara, duk babu su a duniya. Abin da ya ba ni mamaki, yarinyar nan ta yi Islamiyya. Ta san isnadi, ta san ba a cewa "wane ya faɗa" sai an san wa ya ji daga wa, ta san hukuncin ruwayar da aka tsallake mutum a tsakiya. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ambaton manazarta shi ne wannan amanar a wata riga. Kai da ka fito daga garin da ke taƙama da zaurukan karatu, wannan ai da shi ya kamata ka buɗe darasi.

Ka kuma gaya musu gaskiyar da Peter Medawar, masanin halittu mai lambar Nobel, ya faɗa a wata laccarsa ta rediyon BBC a 1963, cewa tsarin takardar kimiyya yana ɓoye yadda tunani ya gudana a zahiri. A takarda komai a jere yake, a lab kuwa ana ɓata, ana komawa baya, ana zubar da faranti. In ba su san haka ba, duk wanda gwajinsa ya rikice zai ɗauka shi ne dolo, ya je ya sayi sakamako a shagon buga takardu. Kowa ya riƙe littafin lab, da biro ba fensir ba, da kwanan wata, a rubuta har ranar da aka ɗauke wuta akwatin ɗumi ya huce. Ka ba wannan littafin maki fiye da bangon furojet mai ruwan zinare.

Don kada a ce Bakano ba ya adalci, na san abin da aka yi a Samarun Zariya. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, kuma irin dawa da gyaɗa da masara da wake masu suna da SAM a gaba, waɗanda manomanmu ke shukawa, daga can suka fito, har da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka saki a ƙarshen 2019. Aiki ne na fili da kwatance da maimaici, damina bayan damina. Wato in aka samu Bazazzagi ya yi shiru ya duƙa, abin kirki yana fitowa. Mu kuma mu saya mu sayar, kowa da baiwarsa.

Yarinyar dai na hana ta kuɗin ɗinki. Na ba ta na faranti da itanol da kuɗin mota, za ta dawo maka mako mai zuwa ta sake gwajin da raminsa na kwantirol da maimaici uku na gaske. In ya nuna darbejiya ba ta yi komai ba, haka za ta rubuta, kuma ka sa hannu, kada in ji an ce a gyara tebur kafin difens. Kuɗin da na kashe bashi ne a kanka, zan haɗa da kuɗin sharar da ka yi shekaru kana gudu, in aiko a karɓa ranar cika-ciki. In kana da amsa, edita ya ce filin nan a buɗe yake gare ka, amma shafi ɗaya tak.